Hajiya na zuba wa dabbobi abinci a bayan gida, maƙwabci ya yi ƙorafi

Baban Amira:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a arewacin jihar New Jersey a Amurka, bayan gidanmu daji ne. Wata biyu ke nan da Hajiya ta zo mana daga Katsina, kuma kun san halin iyayenmu, ba sa iya ganin an zubar da abinci. Kullum bayan la'asar sai ta kwashi ragowar shinkafa da ɓawon kankana ta kai gindin wata bishiya, ta ce sadaka ce ga bayin Allah. Yanzu barewa huɗu ke zuwa, har ta san kowacce. Jiya maƙwabcina ya tare ni cikin ladabi ya ce doka ta hana. Da gaske ne? Wallahi ba na son in hana ta, barewar nan ne ke ɗebe mata kewa idan mun fita aiki.

Malam Sani:
Wa alaikumus salam. Dokar jiharku ta fi tsanani a kan beyar (bear, babbar dabbar daji): ciyar da ita da gangan laifi ne, tarar tana kaiwa dala 1,000. Maganar barewa kuwa, duba dokar ƙaramar hukumarku, don kowane gari da tasa. Amma ni abin da ya fi damuna, beyar ba ta san an ajiye wa barewa ba. Hancinta ya fi na kare. Ranar da ta ɗanɗana shinkafar Hajiya ta ga wurin zuwa, kuma wadda ta saba da gidajen mutane ƙarshenta harbi ne. A 2014 wata ta kashe ɗalibi a dajin West Milford, nan kusa da ku.

Maman Usman:
Mu nan New York an hana ciyar da barewa gaba ɗaya. Dalilinsu cuta ce: idan suka taru suna ci wuri ɗaya, yawun wata na shafar wata. Ga kaska da suke kawowa har tsakar gida, mai sa cutar Lyme. Ɗana ya sha maganinta makonni, ban so ko maƙiyina ya gani ba. Idan Amira na wasa a ciyawar nan, a riƙa duba mata ƙafafu da bayan kunne.

Malam Sani:
Kuma kada ka ce mata "doka ta hana" kawai, ba za ta ji daɗi ba. Ka ce mata abincin cutar da su yake yi, cikinsu bai saba da shinkafa ba. Hajiya ba za ta yarda sadakarta ta zama sanadin cutar dabba ba.

Baban Amira:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na zauna da ita bayan isha'i. Ta yi shiru, can ta ce to tsuntsaye fa? Na ce gobe zan kira ofishin gari in tambaya. Ragowar shinkafar yau dai tana firji.