Kwamfutar shagona ta daina ganin kile, ku taimaka kafin in zuba kuɗi

Maman Hafsat, Marwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan shagon buga takardu a Domayo, kuma kun san lokacin haɗa takardun jarrabawa ne, yara sun yi layi har bakin titi. Shekaranjiya aka ɗauke wuta ina tsakiyar aiki. Da ta dawo kwamfuta ta tashi lafiya lau, amma duk kilen (ɗan filashin nan na ajiye takardu) da na soka a ramukan USB na gaba sai ta yi ƙara, ta rubuto "Périphérique USB non reconnu". Firinta ma shiru. Abin mamaki, in na jona waya tana caji. Wani mai gyara ya leƙa, ko murfi bai buɗe ba, ya ce babban allon ciki ne ya ƙone, in kawo jaka arba'in. Ni kuwa jikina bai ba ni ba. Windows 10 ce, ta Faransanci.

Ɗan Yalwa, Garwa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ƙwayar cuta ce, kilen ɗalibai ba abin da ba ya kwasowa. A wanke ta a zuba sabuwar Windows.

Malam mai gyara, Ngaundare:
Ƙanena, a yi a hankali, kar a jefar da takardun mutane a banza. Hajiya, cajin nan da waya take yi shi ne bakin zaren. Ramin USB na da yana da hanyoyi huɗu: biyu na wuta, volt 5, biyu na saƙo. Tunda caji na tafiya, wuta tana isowa. Hanyar saƙon ce ta sami matsala, ko kuma sashen da ke kula da ramukan ya rikice sanadin ɗaukewar wutar. Allon da ya ƙone ƙurmus da wuya ya tashi ya kai ki har cikin Windows.

Fara da abin da ba ya cin ko dala. Kashe ta, zare wayar wuta daga bango, cire duk abin da ke jone, ki danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30 don ragowar wutar ciki ta tsiyaye. Sai ki mayar ki kunna, ki gwada ramukan BAYA. Na bayan a jikin allon suke kai tsaye, na gaban kuwa wata siririyar waya ce ta haɗa su da shi, kuma takan sassauta. Ki gwada da kile biyu ko uku, don wani lokaci kilen ne ya mutu ake zargin rami.

In har yanzu shiru, danna dama a kan tambarin Windows, ki shiga Gestionnaire de périphériques (jerin kayan da ke haɗe da na'ura), ki gangara wurin Contrôleurs de bus USB. Wanda kika ga da alamar rawaya (sau da yawa lamba 43 yake nunawa), ki cire shi daga jerin ki sake kunna na'ura, da kanta za ta mayar da shi. Amma fa in kika bi su duka kika cire, linzami da allon rubutu za su ɗauke, sai dai ki kashe ta da maɓalli. Na taɓa ganin wanda ya yi haka ya zauna yana salati, ya ɗauka ya ƙarasa ta.

Yaya Babba, Njamena:
Duk abin da Malam ya faɗa haka ne. Ƙari ɗaya: ƙura. Mu nan in iskar hunturu ta kaɗa, sai ka haska fitilar waya cikin rami ka ga ya cika kamar gidan zanzaro. A kashe na'ura tukuna, a share da busasshen buroshin haƙori. Ban da allura, ban da tsinken ƙarfe. Ki duba ɗan harshen roban da ke tsakiya ma, ko ya karye.

Maman Hafsat, Marwa:
Allah ya saka da alheri. Na danne maɓallin kamar yadda Malam ya ce, ramukan baya huɗu duk sun dawo, firinta tana ta aiki tun la'asar. Na gaba dai ɗaya ya farfaɗo, ɗayan da na haska sai na ga harshen ya tsage, wani ƙarfe ya lanƙwashe ya kwanta kan ɗan uwansa. Sai dai babban faifan da nake ajiye takardu a ciki, in na jona shi sai ya riƙa ƙas-ƙas yana ɓacewa.

Malam mai gyara, Ngaundare:
Madalla. Wancan mai lanƙwasasshen ƙarfe ki liƙe bakinsa da salatif yau ɗin nan, kar wani yaro ya soka kile ya haɗa wuta. In an samu sarari a zare wayarsa daga allo. Faifan kuma yunwar wuta yake ji. Ramin USB 2.0 miliamfa 500 yake bayarwa, na 3.0, mai shuɗin harshe, 900. Ki nemi shuɗin a baya, ki jona shi kai tsaye da gajeriyar wayarsa, ban da mahaɗin nan mai baki huɗu na kasuwa. In ya ci gaba da ƙas-ƙas a shuɗin ma, kwashe takardunki tun yana numfashi.

Maman Hafsat, Marwa:
Akwai shuɗi biyu a ƙasan inda wayar intanet take shiga. Bari in sallami yaran nan in gwada.