Neman shawara: ina zan samu hayar tanti da jakunkunan keke zuwa Baturiya?

Malamin Firamare, Ringim:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Idan an yi hutun Disamba, ni da ɗan yayana muna so mu hau keke mu tafi Baturiya, ta Gujungu da Haɗeja, kwana shida zuwa da dawowa. Shekara uku ke nan ina koya wa yara cewa akwai tsuntsayen da ke ƙetaro Sahara daga Turai su sauka a fadamar jiharmu lokacin sanyi, alhali ban taɓa ganinsu da idona ba. Abin yana damuna ƙwarai.

Matsalata kayan kwana. Na ga a hotuna masu irin wannan tafiya a ƙasashen waje suna da ɗan ƙaramin tanti mara nauyi, da jakar barci, da jakunkunan da ake ɗaurewa a jikin keke. Sayensu ya fi ƙarfin albashina, kuma tafiya ɗaya ce. Na tambayi masu hayar kujeru a garinmu, rumfar biki kawai gare su, mai ƙarafa, wadda sai a-kori-kura ke ɗauka. Don Allah a ina zan samu haya, kuma me ake ajiyewa jingina? Kekena Phoenix ne mai kariya, na yaron kuma ɗan gwanjo ne mai giya.

Abban Sadiƙ, Kano:
Wa alaikumus salam Malam. Bara na yi yawon neman irin wannan a Sabon Gari da Ƙofar Wambai, abin da na ci karo da shi na sayarwa ne, wanda kan fito cikin dilar gwanjo jefi-jefi. Daga baya na karɓi haya a hannun wani mutum, na ajiye masa kuɗi. Da na dawo da tantin sai ya ce ni na lalata zif, alhali tun daren farko zif ɗin ba ya rufuwa. Ba shaida, haka na bar masa rabin kuɗin. Duk wanda zai ba ka, ku kafa tantin a gabansa tukuna. Ka ƙirga sanduna da turaku, ka ja zif sama da ƙasa, ka ɗaga yadin a rana ka ga ko akwai huji, ka ɗauki hoto da wayarka yana tsaye.

Baba Mai Faci:
Ɗana, sannu da himma. Na haura shekara talatin ina gyaran keke a bakin tasha, bari in faɗa maka abin da na sani. Wannan jaka da kake nema haya, sunanta mangala. Ita ce dai wadda ake aza wa jaki, aljihu biyu haɗe da juna, ɗaya dama ɗaya hagu. Da ita 'yan koli suka ci kasuwannin ƙasar nan a kan Raleigh tun kafin a haife ka. Ba a hayarta, ɗinka ta ake yi.

Ka tura keken ka kai wa mai ɗinkin tampol, ko mai rufa sirdin babur, ya auna kariyar da kansa. Abu biyu za ka tsaya a kansa sai ya yi. Na farko, ya sa yankin tsohuwar jarka a bangon da ke kallon taya, don ya yi tauri, in ba haka ba jakar za ta lanƙwasa ta shiga sipok, ta kayar da kai. Na biyu, ya ja ta baya yadda diddigenka ba zai riƙa dukanta ba in kana tuƙi. Ka hau ka gwada a gabansa kafin ka biya. Wajen lodi kuma, mai nauyi a ƙasa, kuma dama da hagu su zo daidai. Bargo da tabarma a naɗe su a saman kariya. Kada ka ɗaure da igiya, tana saki. Ka samo tsohon tub ka yanka shi tsiri-tsiri, ba abin da ya kai shi riƙo.

Sai maganar da ta fi damuna, wato ƙaya. Ba a kan kwalta taya ke pacewa ba, a wurin hutawa ne. Mutum ya gaji, ya hango inuwar bagaruwa ko aduwa, ya tura keke ƙarƙashinta, yana tashi tayoyi biyu sun sace. Ga tsidau a bakin gonaki. Ku jingine keke a fili, ku shiga inuwar da ƙafa. Kafin ku tashi, a tsaga tsohon tub a shimfiɗa shi tsakanin taya da sabon tub, yana rage huji sosai.

Kuma kekunanku ba jinsi ɗaya ba ne. Naka tayarsa 28 ce, na yaron mai yiwuwa 26, ka duba jikin tayar an rubuta. Kowa ya riƙe nasa tub. Bakin bawul ɗinsu ma ya bambanta, ka tabbata famfon da za ku ɗauka yana shiga duka biyun, ka kuma sa 'yar robar bawul guda biyu ko uku a aljihu. Faci, sholisho, sifana, sipok huɗu. Shi ke nan.

Ɗalibi a Jamus:
Gaskiya Baba ya gama magana kan jaka. Ina so in ƙara wani abu don Yaya Malam ya san abin da yake gani a hotunan. A nan akwai shagunan da ke ba da hayar irin waɗannan kaya, ka ajiye kuɗin jingina, ka dawo da su a bushe a tsabtace. Tantin mutum biyu mara nauyi bai cika wuce kilo 2 ba, jakar barci kuma wajen kilo 1. Jakunkuna irin na kamfanin Ortlieb abin da ake biya a jikinsu shi ne ruwa ba ya shiga, domin a nan kowane wata ana iya tsuga ruwa. Ku kuwa a Jigawa cikin Disamba ba ruwan sama za ku yi fama da shi ba, ƙura ce da sanyi da sauro. To me zai sa ka biya kuɗin maganin abin da ba zai same ka ba? Nauyin da ya kamata ka lissafa na ruwan sha ne, kowace lita kilo guda ce, kuma ba yadda za ka yi ka bar shi.

Maman Walid, Haɗeja:
Malam, ni tambayata ɗaya: a ina za ku kafa tantin? Idan a bayan gari kuke nufi, don girman Allah kada ku yi. A wannan zamani baƙi biyu su kafa tanti a jeji da dare, manomin da ya hango ku ba zai ce masu kallon tsuntsaye ne ba, 'yan sintiri zai kira, kuma ba zan ga laifinsa ba. Ga lokacin ne makiyaya ke gangarowa fadama, kowa a ɗar-ɗar yake da baƙuwar fuska.

Ku shiga gari kafin la'asar ta yi sanyi, ku yi sallama da mai unguwa ko dagaci, ka nuna katin aikinka, ka faɗi inda kuka fito da inda za ku. Zaure ba ya gagara. Mahaifinmu har ya rasu zaurensa bai rabu da baƙo ba, masunta ne, fatake ne, almajirai ne.

Abin da ba zan yafe maka ba idan ka bari shi ne gidan sauro. Kada sanyi ya ruɗe ka, sauron fadama ba ya hutu. Ku ɗauki mai magani, irin wanda ake rabawa, da igiya da ƙusa huɗu. Sanyin asuba kuma ta ƙasa yake shiga jiki, saboda haka abin shimfiɗa ya fi abin rufa muhimmanci: tabarmar roba, a kanta bargo. Hular sanyi, safa, man kaɗanya don kaushi, da takunkumi saboda ƙura. Sannan ka ja wa yaron kunne kada ya shiga wanka a ruwan da ke kwance, ana ɗaukar tsargiya a irinsa.

Malamin Firamare, Ringim:
Na gode Baba, na gode Hajiya, Allah ya saka da alheri. Maganar mangala ta shige ni, gobe zan kai keken. Amma Hajiya, abin da ya sa na nace wa tanti shi ne ina jin nauyin in ɗora wa mutane ɗawainiya a wannan tsadar. Kuma an ce mini tsuntsayen da sassafe ake ganinsu sosai, shi ya sa nake so ko dare ɗaya mu kwana kusa da ruwa.

Maman Walid, Haɗeja:
Wace ɗawainiya, Malam? Wurin shimfiɗa kuke nema, guzurinku na hannunku. Ka riƙe goro ko dabino ka miƙa wa mai gida, ka ci abin da aka kawo ko loma biyu ce, don ƙin ci shi ne abin da zai ɓata masa rai.

Ɗan Kirikasamma:
Ni kam ban ce a jefar da maganar tanti gaba ɗaya ba. Malam yana da gaskiya, da hantsi ya ɗaga an rasa rabin abin kallo. Baturiya a ƙaramar hukumarmu take, kuma tun 2008 aka sa dausayinta cikin jerin Ramsar, wato jerin muhimman dausayoyin duniya, saboda haka wuri ne mai masu kula da shi, ba a shiga kai tsaye. Ku fara gabatar da kanku ga masu gari da ma'aikatan gandun, su haɗa ku da ɗan jagora. In sun yarda ku kwana kusa da ruwa, su za su nuna muku inda ya dace, a nan ne tanti zai yi amfani, dare ɗaya tak. Da ɗan gari akan ci gari. Wanda bai san wurin ba, ciyawar kacalla kaɗai ta isa ta ɓatar da shi, ta toshe hanyoyin ruwa da yawa.

Ka kuma sani da zarar kun sauka daga kwalta akwai inda rairayi zai sa ku sauka ku tura. A nan ne za ka tuna duk abin da ka ɗauko ba dole. Risho da tukunya ku bar su a gida, kowane gari akwai mai shayi da mai ƙosai, a Haɗeja kuma ga kifi. Akwai abokina da ke da ƙaramin tanti na mutum biyu, zan yi masa magana. In ya amince, sai ku karɓa a Haɗeja ku mayar a Haɗeja, ba sai kun yi dakonsa tun daga Ringim ba.

Malam Na Tsangaya:
Tunda maganar ta zo nan, ƙanina, ka bambanta haya da aro, domin hukuncinsu ba ɗaya ba ne a mazhabarmu ta Malikiyya, kuma yana nan cikin Risala. Wanda ya yi hayar kaya amintacce ne: idan abin ya salwanta a hannunsa ba da sakaci ba, ba ya biya, kuma ana gaskata maganarsa sai in ƙaryarsa ta bayyana. Amma wanda ya ari abin da ake iya ɓoyewa, kamar tanti ko bargo, lamuninsa na wuyansa, sai fa in yana da shaidar cewa ya lalace ba da laifinsa ba. Mutane suna ɗauka aro ya fi sauƙi don ba a biya, alhali ya fi nauyi a wuya.

Shawarata, ko da abokin nan ya ce kyauta, ku yanka wani ɗan kuɗi a matsayin haya, ku faɗi adadin kwanaki, a gaban mutum biyu. Abin da ya sami Abban Sadiƙ rashin wannan ne. Sannan tafiyarku ta haura mil 48, wato wajen kilomita 80, saboda haka kuna da kasaru. Buta ƙarama kada ta fita daga lissafin kaya.

Malamin Firamare, Ringim:
Allah ya gafarta Malam, wallahi ban san wannan bambanci ba, na ƙaru. Ga inda aka kwana. Na kai keken, mai tampol ya auna, ya ce ranar Laraba in zo in gwada, kuma na kai masa tsohuwar jarka kamar yadda Baba ya ce. Na duba tayar yaron, 26 ce, bakin bawul ɗinsa kuma famfona ba ya shiga, sai mun nemo wani. Gidan sauro biyu suna nan, an wanke. Ɗan Kirikasamma, don Allah ka gaya wa abokinka haya nake so ba aro ba, na dare ɗaya, kuma zan kafa shi a gabansa kafin in ɗauka. Saura abu ɗaya, Baba: kariyar keken yaron siririya ce, za ta ɗauki mangala?

Baba Mai Faci:
Kada ka aza mata. Irin wannan kariya a wurin noti take karyewa, kuma sai kun yi nisa. Kayan nauyi duka su hau Phoenix, don wannan aka yi shi. Yaron ya ɗauki bargunan a baya, gidan sauro a naɗe a ɗaure a kan keke ta gaba, yadda ba zai taɓa wayar birki ba. Ranar Laraba in kun karɓo, ku yi lodi cikakke har da ruwan sha, ku je Taura ku dawo. Duk notin da zai kwance, gara ya kwance a ranar. Allah ya kai ku lafiya, ka gaishe mini da yaron.