Wa ya taɓa kai yaro gidan mari? Ku ba ni labarin abin da kuka gani

Uwa daga Garin Malam:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ɗana na biyu shekararsa 17, ya bar kolej tun bara, dare a pale, wato majalisar samarin Damagaram, rana barci, kwanan nan na tsinci fakitin tramol cikin aljihun wandonsa ina wanki. Ya sayar da keken ɗinkina ban sani ba. Kawunsa ya dage a kai shi gidan mari can ƙetaren iyaka, wai wata shida kawai zai dawo mutum. Ni zuciyata ba ta kwanta ba wallahi. Don Allah wanda ya gani da idonsa ya faɗa min, ban son ji-ta-ji-ta.

Wanda aka taɓa kaiwa, Kara-Kara:
Inna ni aka kai, wata takwas na yi. Babana ce min ya yi za mu Kano sayen kaya, sai da muka wuce Matameye na ga yayana ya matso kusa da ni ya riƙe min riga sannan na gane. Muna shiga gidan aka aske min kai aka buga min mari a ƙafa, ƙarfe ne mai zobe biyu, idan za ka yi tafiya sai dai ka ja ƙafa kamar ɗan kaciya, da shi kake salla da shi kake zuwa ban ɗaki. Mu fiye da ashirin ɗaki guda, bokiti ɗaya a lungu. Satin farko shi ne ban manta ba, jikina duk ciwo, zufa, zawo, ba barci, ina ihu ana cewa aljanu ne suke fita, ana ba ni rubutu da bulala. Karatu kam na yi, na haddace izu biyar, wannan ba zan musa ba. Amma ranar da babana ya zo ziyara an cire marin an sa min riga mai kyau, mai tsaronmu yana tsaye a kaina, na ce lafiya lau nake. Me zan ce? Har yau tabon yana idon sawuna, kuma kwana huɗu da dawowata Damagaram na koma wajen abokaina na sha, da haushi ma na sha.

Dattijo daga Birni:
Allah ya ƙara shirya ka ɗana. Sai dai ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Nawa na kai shi wajen wani malami a ƙauye gefen Mirriah, ba sarƙa ba kulle, safe allo, hantsi gona, kuma duk Juma'a ina zuwa in zauna da shi mu biyu. Damina biyu ya yi. Yanzu yana kabu-kabu, yana da mata. Amma shi nawa wiwi ne da taurin kai, bai kai ga ƙwaya ba.

Ma'aikaciyar jinya:
Baba maganarka ta ƙarshe ita ce maganar. Tramol dangin maganin kashe zafi ne mai kama jiki, likita kan rubuta mai miligram 50, yaran nan kuma mai 225 suke haɗiya, wani biyu uku a tashi ɗaya, shi ya sa za ka ga yaro ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Idan aka yanke masa rana ɗaya abin da ɗan uwanmu na Kara-Kara ya faɗa shi ke faruwa, jiki ne ke neman abin da ya saba, a asibiti a hankali ake rage shi ana kula da barci da ruwan jiki. Kuma wasu yaran da ciwon ƙwaƙwalwa a ƙarƙashi, ƙwayar rufe shi ta yi, duka ƙara shi yake. Ku tuna Rigasa ta Kaduna a watan Satumba 2019, mutum sama da 300 'yan sanda suka fitar daga gida ɗaya, da yawa da sarƙa a ƙafa, wata mai bi aka gano wani irinsa a Daura, nan kusa da mu. Iyayen nan duk da kuɗinsu suka biya, da kyakkyawar niyya. Hajiya ki fara kai shi ɓangaren masu taɓin hankali a asibiti a duba shi, ba sai mahaukaci ake kaiwa can ba.

Yayar wani, Sabon Gari:
Mu jikka talatin muke aikawa duk wata har da garin kunu da sabulu. Wata rana na je ba sanarwa, aka hana ni shiga, na zauna bakin ƙofa tun azahar na ce ba inda za ni, da aka fito da ƙanena ƙazuwa ta cinye hannuwansa, ko sabulu ɗaya bai taɓa gani ba. A ranar na taho da shi. Duk gidan da ba za a bar ki ki ga inda yake kwana ba, ki kuma yi magana da shi ku kaɗai, Hajiya kar ki bar ɗanki a can.

Uwa daga Garin Malam:
Na gode, ina karantawa ina hawaye. Ɗana na Kara-Kara, to kai me ya raba ka da ƙwayar daga baya?

Wanda aka taɓa kaiwa, Kara-Kara:
Inna wani mai walda ne a unguwarmu ya ɗauke ni apranti, ya san halina sarai ya ce in zo ƙarfe bakwai. Shi ya raka ni asibiti da kansa, sau biyu ina komawa ruwa bai kore ni ba, sai dai ya zo har gida ya tashe ni. Shekara uku ke nan ban taɓa ba. Idan ɗanki zai yarda ki faɗa min ta akwatin saƙo, in zo in zauna da shi mu sha shayi, kar dai ki ce masa wa'azi na zo yi.