Shin akwai gwajin da ke nuna haɗarin kashe kai ga mai ciwon damuwa?

Ɗalibar aikin jinya:
Assalamu alaikum. A sashen lafiyar ƙwaƙwalwa da nake koyon aiki, na lura cewa likita yana auna haɗarin kashe kai ne da abin da majinyaci ya faɗa, alhali wanda ya ƙudurta wannan niyya yakan ɓoye ta a ransa. Shin babu wata alama a jiki da za a iya aunawa, kamar yadda ake auna sukari a jini?

Likitan ƙwaƙwalwa:
Wa alaikumus salam, Malama. An daɗe ana neman wannan alama. A shekarar 1976, Marie Åsberg da abokan aikinta a Cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin sun gano cewa masu ciwon damuwa waɗanda sinadarin 5-HIAA ya yi ƙaranci a ruwan lakarsu sun fi yunƙurin kashe kansu, kuma ta hanyoyi masu tsanani. Wannan sinadari shi ne ragowar serotonin, wato wani sinadari mai isar da saƙo a ƙwaƙwalwa, bayan jiki ya sarrafa shi. Akwai kuma gwajin dexamethasone, inda ake ba mutum ƙwayar wannan magani da dare a auna kotisol ɗinsa washegari, wato sinadarin da jiki ke ƙara fitarwa idan yana cikin matsi. Ga mai lafiya kotisol yakan sauka, amma ga wasu masu damuwa yakan ƙi sauka, kuma an ga mutuwa ta kashe kai ta fi yawa a cikinsu. Daga baya hankali ya karkata ga sinadaran kumburi irin su IL-6.

Sai dai duk waɗannan suna bambanta rukuni da rukuni ne, ba sa faɗa miki abin da majinyacin da ke gabanki zai aikata a wannan mako. Shi ya sa ba ma yanke hukunci da su a asibiti.

Mai binciken lafiya:
Ina goyon bayan Likita. Kotisol da sinadaran kumburi suna hawa saboda zazzaɓi ko ƙiba ko rashin barci, don haka gwajin zai nuna haɗari ga mutane da yawa da ba su da wannan niyya ko kaɗan. Ɗibar ruwan laka kuma ba ƙaramin aiki ba ne da za a yi wa kowa.

Tsohuwar ma'aikaciyar jinya:
'Yata, kafin a samu gwajin, ki riƙe abin da ke hannunmu. Yunƙurin da mutum ya taɓa yi a baya yana cikin manyan alamun haɗari, saboda haka ki tambaye shi kai tsaye, cikin tausayi, ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa wa mutum wannan tunani. Idan ya amsa da e, kada ki bar shi shi kaɗai, ki sanar da likita nan take, sannan a nisanta shi da magunguna da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi.