Bashi ya faɗa hannun masu karɓa a Amurka: yaya kuka gyara makin kiredit ɗinku?

Ummu Khalil (Bronx):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mun nemi hayar gida, mai gidan ya duba rahotona na kiredit, wato tarihin basussukana da yadda nake biya, ya ce akwai basussuka biyu a kolekshan, wato a hannun kamfanonin karɓar bashi, ɗaya na waya, ɗaya na asibiti, kuma makina na kiredit, wanda ake auna amincin mutum wajen biyan bashi da shi, ya yi ƙasa da 600. Kamfanin da ya sayi bashin wayar kullum sai ya kira. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ba mu labarin yadda ya fita.

Baban Sadiq (Houston):
Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kada ki biya ko sisi ta waya, kada kuma ki ba su lambar asusunki na banki. Doka ta wajabta musu aiko miki da takardar bayanin bashin, kuma daga nan kina da kwana 30 ki rubuta musu cewa su kawo hujja. Muddin kin rubuta a cikin wa'adin, dole su dakata da nema har sai sun kawo.

Ni haka na yi. Wani kamfani ya ce ina da bashin kuɗin gyaran gidan da na tashi daga cikinsa, alhali ina da hotunan yadda na bar gidan tsaf da takardar da manajan ya sa wa hannu ranar da na miƙa makulli. Na aika wasiƙar rajista mai rasit, na haɗa kwafin komai. Sannan na ciro rahotona na Equifax da Experian da TransUnion, kamfanoni ukun da ke ajiye rahoton kiredit, a shafin AnnualCreditReport.com, kyauta ne kowane mako, na kai ƙorafi wa kowannensu daban, domin ba lallai abin da ke cikin ɗaya ya kasance cikin ɗayan ba. Suna da kimanin kwana 30 su bincika. Kamfanin ya kasa kawo komai, aka goge.

Hajiya Maman Ramatou (Greensboro):
Ɗiyata, na asibitin nawa ne? Tun 2023 bashin asibiti da bai kai dala 500 ba, ba a sa shi a rahoto. Wanda aka biya kuma tun 2022 cire shi ake yi gaba ɗaya. Nawa na haihuwa ne, ashe inshora ce ba ta biya kasonta ba. Na je ofishin lissafi na asibitin da katina, suka sake turawa, suka janye bashin daga hannun masu karɓa.

Abu Fatima (Chicago):
Ina so ki san wani abu tun yanzu don kada ranki ya ɓaci daga baya. Na biya bashin katina duka, na zauna ina jiran maki ya tashi, bai motsa ba. Sun dai rubuta "an biya" a gefensa. Irin wannan tabon yana zama shekara 7 daga lokacin da aka fara kasa biya, kuma sayar da bashin ga wani kamfani ba ya sabunta wannan ranar, don haka ki duba kwanan watan da kyau. Sabbin ma'aunan lissafa makin kiredit irin FICO 9 ba sa lissafa wanda aka biya, amma FICO 8 da bankuna da yawa ke aiki da shi yana lissafawa. A bashi na biyu sai na nemi su yarda a rubuce cewa in na biya za su goge. Sun yarda. Ba kowane kamfani ke yarda ba.

Malam Na'ibi (Harlem):
Jama'a, ina jin tsoron kada matasa su fahimci cewa dabarar guje wa biya ake koyarwa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne. Amma wanda ka san ka ci, biyansa wajibi ne ko da ya fita daga rahoto.

Baban Sadiq (Houston):
Gaskiya ne Malam, Allah ya saka da alheri. Neman hujjar don a tabbatar nawa ne asalin kuɗin, kuma wa ya cancanci karɓa.

Yaya Zulai (Columbus):
Ni ta ɓangaren sake ginawa zan yi magana. Na buɗe katin da ake ajiye kuɗin jingina, na sa dala 300. Man mota kawai nake sha da shi, in biya duka kafin ranar ta cika, don haka ruwa bai taɓa hawa kaina ba, wanda shi ne babban abin da ke damun mu Musulmi. Biya a kan lokaci shi ne kashi 35 cikin ɗari na makin FICO, yawan abin da ake bin ka kuma kashi 30. A hankali yake tashi, wata bayan wata. Masu tallar gyaran kiredit a WhatsApp kuwa, duk wanda ya ce ki biya shi kafin ya yi aiki ya karya dokar tarayya.

Abu Fatima (Chicago):
Ƙari biyu. In kun sasanta suka yafe dala 600 ko fiye, takardar haraji ta bashin da aka yafe, mai suna 1099-C, na iya zuwa, a lissafa shi cikin kuɗin shigarki lokacin haraji. In kuma sammacin kotu ya zo, ki amsa a cikin wa'adin da aka rubuta. Maƙwabcina ya ajiye nasa a aljihun mota, aka yanke hukunci a bayan idonsa, yanzu daga albashinsa ake cira.