Motata na ja zuwa dama, an yi alaimen sau biyu ba ta daina ba

Mai Jar Mota:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Wata biyu ke nan motata tana ja zuwa dama. Da na sassauta hannu a kan sitiyari, kafin in ƙirga biyar ta fara neman gefen titi. An yi mata alaimen, wato daidaita zaman ƙafafun mota a kan na'ura, har sau biyu, ana ce min na'ura ta nuna komai daidai, amma ina fitowa daga gareji sai ta koma halinta. In na yi tafiyar awa biyu har kafaɗa ke min ciwo saboda riƙo. Wanda ya taɓa fama da irin wannan, don Allah ya gaya mana abin da ya gano a tasa.

Direban Dare:
Wa alaikumus salam. Malam, ka auna iskar tayoyinka da geji kuwa? Ba da ido ko da shuri ba. Ni sati uku na yi ina zargin sitiyari, ashe tayar gaba ta dama na kan 24, ta hagu na kan 33. Ƙusa ce a ciki, tana sace iska a hankali. Tayar da ta yi laushi ita ke jan mota zuwa ɓangarenta. Ka auna da safe kafin taya ta ɗumama. Adadin da ya dace yana rubuce a wata takarda a jikin ƙofar direba, ba wanda ke jikin taya ba.

Mai Jar Mota:
Na auna, Oga. Duk huɗun daidai suke.

Tsohon Makanike:
Ɗana, tambaya ɗaya zan yi maka, wadda ya kamata a yi maka tun kafin a ɗora motar kan na'ura: yaushe take jan? Kullum ne, ko sai ka taka birki, ko sai ka ba ta wuta? Kowanne da inda ake nemansa. In sai an taka totur da ƙarfi take fizga, kuma motar mai ja da ƙafafun gaba ce, wani lokacin halinta ne, musamman in sandunan da ke juya ƙafafun ba tsayinsu ɗaya ba. In kuwa sai an taka birki ne, to bar maganar alaimen gaba ɗaya.

Maman 'Yan Biyu:
Baba ya taɓo inda nawa yake. Tawa hagu take ja, kuma na lura mai na saurin ƙarewa. Wata rana na dawo daga ɗauko yara, ina fitowa sai na ji ƙauri kamar an ƙona roba. Na kai hannu kusa da ƙafar gaba ta hagu, zafi ya buge ni tun ban taɓa ba, ta dama kuwa ɗumi kawai. Na yayyafa ɗan ruwa a kan rim ɗin, sai ji na yi cuuu. Birkin ɓangaren ne ya riƙe bai saki ba. Abin da ya ɗaure min kai, an wanke wurin an sa sabon fad na birki, bayan kwana huɗu ya dawo. Sai daga baya aka gano tiyon man birkin ne ya lalace ta ciki: mai na wucewa in an taka, amma ba ya komawa in an saki. Daga waje tiyon lafiya lau, ko tsaga babu. Don Allah kada wani ya ɗora tafin hannu kai tsaye, ƙonewa zai yi.

Ɗan Tasi:
Ni rami ne ya ja min. Na faɗa cikinsa da gudu da daddare, washegari mota ta fara karkata. Aka yi alaimen, sitiyari ya miƙe, ja bai daina ba. Abin da na koya shi ne kusurwa uku ake dubawa: ko tayoyin sun haɗe kai ko sun buɗe ta gaba, ko taya ta jingina ciki ko waje, da kuma yadda sandar juyawa ta kwanta baya. Ta farkon ita aka fi gyarawa, amma ita cin taya take yi da karkatar da sitiyari. Sauran biyun su ke jan mota in hagu da dama suka bambanta, kuma a motoci da yawa ba su da wurin sauyawa. Tawa ƙarfen da ke riƙe ƙafar ne ya lanƙwashe, bushin ɗinsa, wato robar da ke mahaɗarsa, ya fashe. Sai da aka canja shi. Malam, ka nemi takardar awon da na'urar ta fitar, ka kwatanta hagu da dama da kanka.

Direban Dare:
Kuma kada a manta titi kansa ana ɗan karkata shi zuwa gefe don ruwan sama ya gangare. Ka gwada a fili mai shimfiɗa inda ba kowa.

Mai Jar Mota:
Baba, kullum take ja, ko na saki totur ko na taka. Birki ba ya ƙara mata komai, ƙafafun ma na duba ba zafi. Na tuna wani abu kuma: abin ya fara ne kwanaki kaɗan bayan na sa sababbin tayoyi biyu a gaba.

Tsohon Makanike:
To, ai ka ɓoye mana babban labarin! Sabuwar taya ma tana zuwa da aibi. In wayoyin cikinta ba su zauna a tsakiya ba, sai ta riƙa birgima kamar mazurari, tana neman gefe ɗaya, kuma na'urar alaimen ba ta ganin wannan. Ka sa a musanya tayoyin gaban, ta dama ta koma hagu, ta hagu ta dawo dama, ka sake bin hanyar da ka saba. Amma ka fara duba jikinsu: in akwai kibiya mai nuna inda taya za ta juya, ba a sauya musu ɓangare haka nan, sai dai a kai ta gaba baya, ɗaya bayan ɗaya.

Mai Jar Mota:
Baba, Allah ya ƙara girma. Babu kibiya, aka musanya su yau da safe. Ina hawa titi na sassauta hannu, sai ga mota tana neman hagu. Har dariya na yi ni kaɗai. Mun mayar da ɗaya baya muka kawo ta baya gaba, ja bai daina ba. Muka yi wa ɗayar haka, mota ta miƙe sak. Na sa wa mai laifin alama da alli, gobe zan mayar wa wanda ya sayar min.