Takardar jin ra'ayin ɗalibai ta isa hujjar rage awannin ɗakin fiɗa?

Malamin anatomi, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum. Wani abokin aiki ya raba wa ɗaliban likitanci 'yan aji biyu takardar tambayoyi, mafi yawansu suka zaɓi "na yarda ƙwarai" a kan cewa sun fi gane darasi da hotunan jiki na kwamfuta fiye da fiɗar gawa, shi kuma ya ce wannan ya isa hujja a rage awannin ɗakin fiɗa. Ni na ce bai isa ba, domin abin da ɗalibi yake ji takardar ta auna, ba ta taɓa abin da ya iya ba.

Likitar mata, Argungu:
Wa alaikumus salam, Malam. Ban goyi bayanka ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma waɗannan ba 'yan firamare ba ne. Makarantar likitanci ta Peninsula da aka buɗe a Ingila a 2002 ta koyar da sassan jiki ba tare da fiɗar gawa ba, ta kuma yaye likitoci. Mu nan har yanzu dokar anatomi (ilimin sassan jiki) ta 1933 muke da ita, yawancin gawarwakin da ake samu na waɗanda ba a ga danginsu ba ne, ga su kaɗan. A zamaninmu mukan yi cincirindo a kan gawa guda, na baya ba ya ganin komai sai ƙeyar na gaba. Idan irin wannan ɗalibi ya ce kwamfuta ta fi masa, me ya sa za a ce bai san abin da yake faɗa ba?

Malamin anatomi, Birnin Kebbi:
Hajiya, ban ce ƙarya yake yi ba, cewa na yi jin an gane daban, ganewar daban. A 1973 aka wallafa wani gwaji a Amurka inda aka kawo ɗan wasan kwaikwayo, aka gabatar da shi a matsayin Dakta Fox, ya yi lacca mai daɗin ji amma cike da tufka da warwara a gaban likitocin ƙwaƙwalwa da masana ilimi, suka cika takarda suna yaba masa. A 2019 kuma, a ajin fiziya na Jami'ar Harvard, ɗaliban da aka sa su warware matsaloli da kansu sun ce ba su ƙaru kamar masu sauraron lacca ba, alhali su ne suka fi cin maki da aka gwada su. Har a Jamus, a 2018, an ga cewa raba wa ɗaliban likitanci biskit mai cakulan ya sa sun ƙara wa malaminsu maki. Hoton kwamfuta yana da launi, ba ya wari, yana juyawa yadda ka so; mene ne abin mamaki a ce an fi son sa?

Ɗaliba 'yar aji uku:
Malam, a yi mini afuwa in faɗi yadda muke cika irin wannan takarda. Ana raba ta a ƙarshen darasi, mai binciken yana tsaye a bakin ƙofa, shugaban aji ne mai tattarawa, kuma wanda ya rubuta tambayoyin shi zai yi makin jarrabawarmu, ya san rubutun hannun kowa. Tun daga gida aka hore mu cewa ba a kushe malami a gaban idonsa, saboda haka sai mutum ya duba inda tambayar ta karkata, ya bi layi ɗaya daga sama har ƙasa. Amma sau ɗaya aka ba mu wadda ba suna, aka bar fili a ƙasa, a nan na rubuta cewa makon farko ban iya cin nama ba, kuma hadisin da ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye ya hana ni barci. Babu jarrabawar da za ta tono wannan.

Tsohon ma'aikacin ɗakin fiɗa:
Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ni ba a taɓa miƙo mini takardar ba, ko da yake ni nake shaƙar fomalin, maganin hana gawa ruɓewa, a zafin Afrilu har hawaye ya zubo. Abin da na sani shi ne ranar jarrabawar allura, wadda ake soka tsinke a jijiya, a buga ƙararrawa kowa ya matsa gaba. Yaron da ya haddace hoto yakan tsaya yana neman jijiyoyi ja da shuɗi, a jikin gawa kuwa duk sun koma launi ɗaya, sai wanda ya taɓa matsawa da yatsa ya san jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya ta fi wadda ke mayar da shi kaurin bango.

Malamin ƙididdiga, Aliero:
Baba ya kawo shaida mai ƙarfi, sai dai ita ma gani ne na mutum ɗaya. Ma'aunin nan mai matakai biyar, daga ƙin yarda ƙwarai zuwa "na yarda ƙwarai", Rensis Likert ne ya fito da shi a 1932, don auna ra'ayi, kuma ba wanda ya tabbatar cewa tazarar "na yarda" da "na yarda ƙwarai" daidai take da ta sauran matakan, amma sai a haɗa su a raba kamar ana auna gero da mudu. Sannan a gaya mana mutum nawa aka bai wa takardar, nawa suka dawo da ita, domin wanda ya ƙi cikawa ba lalle ne ra'ayinsa ya zama irin na wanda ya cika ba. Shawarata, a raba aji gida biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi su koyi hannu a ɗakin fiɗa, rabi a kwamfuta, a sauya su idan an zo ƙafa, a ba su jarrabawa ɗaya wadda mai makinta bai san wane ɓangare kowa yake ba, a maimaita bayan wata uku.

Likitar mata, Argungu:
Na amince a yi hakan, bisa sharaɗi biyu. Kada jarrabawar ta zama ta allura a jikin gawa kaɗai, a haɗa da hoton ƙashi da na sikanin, tunda su ne nake karantawa kullum a asibiti. Kuma a rubuta yawan mutanen da ke tsaye a kan kowace gawa, da kwanakin da aka ɗauke wuta kwamfutar ta ƙi tashi. Malam, su nawa ne a kan tebur ɗaya a wurinku bana?